FILIN MATA: Takarda Ba Ta Tona Asiri



Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, amma sau da yawa mace takan haɗiye baƙin ciki har ya hana ta barci, ta rame, in kuwa an tambaye ta, ita kanta ba ta san abin da ke cinta ba. To, ga labarin wani wanda alkalami ya taimaka masa.

Sunansa Viktor Frankl, likitan masu ciwon tunani ne a birnin Biyana, ƙasar Ostiriya. Da yake Bayahude ne, mutanen Hitila suka tsare shi cikin 1942. Cikin 1944 aka kai shi sansanin Auschwitz, aka ƙwace wani littafi da ya rubuta ya ɗinke cikin rigarsa. Daga baya, yana fama da zazzaɓi mai tsanani, ya shiga sake rubuta shi a kan guntayen takardu. Da aka sake shi cikin 1945, iyayensa da ɗan'uwansa da matarsa duk sun mutu a tsare.

Abin da ya koyar har rasuwarsa cikin 1997 shi ne, babbar bukatar ɗan Adam ita ce ya san dalilin zamansa a duniya. Ana samun wannan wajen aikin da mutum ya sa gaba, ko wanda yake ƙauna, ko kuwa yadda ya ɗauki wahalar da ba shi da ikon kau da ita.

Masana sun gwada amfanin rubutun kuma. Cikin 1986 wani malami a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su rubuta abin da ya fi ɓata musu rai, minti 15 kullum har kwana 4. Cikin watannin da suka biyo, zuwansu ganin likita bai kai na sauran ba.

Saboda haka, uwargida, nemi ɗan littafin rubutu. In yara sun yi barci, zauna ki rubuta, da boko ko da ajami. Me ya faru, yaya kuma kika ji? Cikin al'amarin, wanne ke hannunki, wanne ya fi ƙarfinki? Wa ke bukatarki gobe da safe? Ku 'yan makaranta, kada ku damu da kuskuren rubutu, ba malamar da za ta duba. In kin gama ki adana, ko ki jefa a murhu. Kada ki tsorata in zuciyarki ta yi nauyi a daren farko, haka yakan faru.

Amma fa in damuwa ta wuce mako biyu, ba ci ba barci, ko har kina jin kin gaji da rai, lalle ki gaya wa wadda kika amince da ita, ku tafi asibiti.

Allah ya yaye mana. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Gwaggo