Auna Kaya Tun Daga Gida

Kwanakin baya muka raka 'yar maƙwabcinmu daga Wudil zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Za ta Ingila koyon aikin jinya, amma sai ta sauka a Ikko ta sāke jirgi. Uwarta ta shaƙe mata akwati biyu da tufafi da kuka da daddawa, gama tikitin Ingila ya ba ta akwati biyu, kowanne kilo 23. Da aka ɗora su a sikeli, ma'aikaci ya ce jirginsu na Ikko akwati ɗaya tak ya yarda mata. Rabin guzurinta ya tafi wajen biyan rarar kaya.

Ga dalili. Tikiti biyu dabam aka yanka mata, kowane kamfani kuwa da dokarsa. Da tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar duka, da an bi ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta kafa a 2011. Bisa ga ita, yawanci dokar kamfanin da ya ɗauki babban zango ita ce ke aiki tun daga farko har ƙarshe.

To, iyaye, kafin ku biya kuɗi, ku tambayi mai yankan tikiti: ɗaya ne ko biyu? Ya nuna muku nauyin da aka rubuta wa kowane zango. In biyu ne, ku shirya kaya bisa mafi ƙanƙanta, ku kai wa mai sikeli a kasuwa ya auna. Kada yaranmu su bar gida da hawaye saboda ƙullin daddawa.