'Yan Aikin Gida A Nguru Da Gashuwa

Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya a Gashuwa cikin 2013, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman da Asibitin Tarayya na Nguru, matan aure masu aikin albashi sai ƙaruwa suke yi a arewacin Jihar Yobe. Malamar asibitin da za ta kwana kan aiki tilas ta sami wadda za ta bar wa goyo da tukunya. Wannan bukata ce ta gaskiya, babu mai ganin laifinta.

Abin dubawa shi ne irin wadda a ke ɗauka. Bisa al'ada, uwar gida ta kan yi wa dillaliya magana, ita kuwa ta shiga ƙauye ta zo da yarinya 'yar shekara tara ko goma. Ladan wata ba ya shiga hannun yarinyar. Dillaliya ta cire nata, saura a kai wa uwa ta tara na kayan ɗaki. Watau an ɗauko wadda ita ma reno ta ke bukata, an ɗora mata jariri, da shara, da wanke-wanke, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Da hantsi 'ya'yan gida suna aji, ita tana bakin rijiya. In cokali ya ɓace, ita ce ɓarauniya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke zartarwa, ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncin kuwa ɗauri ne na wata shida zuwa shekara uku. Har ila yau dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Sai dai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar cikin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ko babbar mace ce ke aikin gida, abin da uwar gida ta ga dama shi ne ladanta.

Kamata ya yi iyalin da aiki ya yi wa yawa su nemi babbar mace. Zawarawa da gwauraye masu neman abin rufin asiri ba su yi kaɗan ba a garuruwan nan biyu, kuma sun san zazzaɓin yaro tun kafin ya yi tsanani. A yanka lada a gaban bulama ko lawanin unguwa, a rubuta, a riƙa danƙa mata a hannunta ƙarshen wata. A ba ta ɗaki mai ƙofa, da ranar zuwa ganin gida, a kuma faɗi wanda zai biya magani in ta kwanta ciwo.

Lalle wannan zai fi tsada. Amma gidan da albashi biyu ke shiga ba zai rasa ba. Majalisun Sarakunan Nguru da Bade suna da ikon umurtar masu unguwanni su san kowace yarinya da aka kawo aikatau, da shekarunta, da ƙauyen da ta fito.