Gasar Mutum-mutumi: Kada Suna Ya Hana 'Ya'yanmu Ilimi

Kalma ɗaya takan rufe wa al'umma ƙofar alheri idan ba a tsaya an warware ta ba. Na'urar nan da ɗalibai ke haɗawa da hannunsu, su rubuta mata umarni a kwamfuta, sannan su kai ta fagen gasa, Bahaushe ya laƙaba mata suna mutum-mutumi. Da wannan suna kuma muke kiran gunki da sassaƙe da abin da manomi ke kafawa a gona don korar tsuntsaye. Saboda haka magidanci a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi da ya ji cewa ana son ɗansa ya koyi ƙera mutum-mutumi, ya ja da baya, bai yi abin zargi ba: kishin addininsa ne ya motsa. Haƙƙinsa ne a yi masa bayani. Ra'ayin wannan shafi shi ne, wannan ilimi ya cancanci a buɗe masa ƙofa a makarantunmu na boko da na Islamiyya, bisa sharuɗɗan da za mu ambata.

Mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin hukunci a kan abu yana biyo bayan fahimtarsa ne. Galibin abin da ake kai wa gasa 'yar ƙaramar keke ce mai taya biyu ko huɗu, ba fuska, ba ƙafa, girmanta bai wuce kwanon tuwo ba. Tana da sassa uku: na'urorin da ke gano abin da ke kewaye da ita, ƙaramin allon lantarki da ke riƙe umarni, da ƙananan injuna masu juya tayoyi. Ɗauki misalin wadda ke bin baƙin layi a kan farin daɓe. A ƙarƙashinta akwai idanu biyu na lantarki da ke haska ƙasa. Fari yana mayar da haske, baƙi yana shanye shi. Sai ɗalibi ya rubuta: idan idon hagu ya ga baƙi, rage gudun tayar hagu, idan na dama ne ya gani, rage na dama, idan duka biyu suna ganin fari, ci gaba. Wata kuma tana aika sauti gaba, ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo. Tunda sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, sai ta lissafa nisan bangon da ke gabanta, ta kauce. Babu rai a ciki, babu aljani, babu sihiri. Lissafi ne da waya da batir.

To me malamai suka ce game da sura? A mazhabar Malikiyya da akasarin mutanen ƙasar nan ke bi, abin da aka haramta shi ne siffar abu mai rai, wadda take da jiki mai inuwa, kuma gaɓoɓinta suka cika. An ma keɓe 'yar tsanar da yara mata ke wasa da ita, saboda abin da ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da irinta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Keke mai taya da idon lantarki ba ta shiga wannan babi ba, kamar yadda injin niƙa da injin ban-ruwa ba su shiga ba. Inda magana take ita ce na'urar da aka yi wa cikakkiyar siffar mutum ko dabba, kuma nan ne ya kamata a koma ga malamai. Abin farin ciki shi ne ɗalibi zai iya koyon wannan fanni tun daga farkonsa har ya ƙware ba tare da ya taɓa ƙera fuska ba. Haka ma batun kyauta: idan masu shirya gasa ko wani mai tallafi ne suka sa ladan, ba 'yan takara suka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe ba, to an yi nesa da caca.

Wannan sana'a kuwa ba baƙuwa ba ce a gidan Musulmi. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, 'yan'uwa uku da ake kira Banu Musa sun rubuta littafi a kan na'urori kusan 100, da yawansu masu sarrafa kansu da ruwa da iska. A shekarar 1206, Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar Diyar Bakr a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50, ciki har da agogon ruwa, da injunan ɗaga ruwa zuwa gona, da abin zuba ruwan alwala. Wasu daga cikinsu suna da siffar mutane da dabbobi, kuma mu ba fatawa muke ɗauka daga gare shi ba, gwanintar aiki muke nunawa. Kalmar da Turawa ke kiran jerin umarnin kwamfuta da ita ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khawarizmi. Ko a nan gida, Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubutu a kan lissafi da har yau masana tarihi ke nazari. Imam al-Gazali ya lissafa likitanci da lissafi da noma da saƙa cikin farillan kifaya, wato abin da in al'umma duka ta bari to laifi ya hau kanta. Alƙur'ani kansa ya ambaci sana'ar sulke da aka sanar da Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a matsayin ni'imar da ake godewa.

Gasa irin wannan ta daɗe da kafuwa a duniya. FIRST LEGO League ta faro ne a 1998. Ƙungiyar yara da ba su wuce 10 ba, masu shekara 9 zuwa 16, suke haɗa na'urarsu, a ba ta minti biyu da rabi ta cika ayyuka a kan tebur ita kaɗai, sannan su gabatar da bincike a kan wata matsala ta zahiri. A Najeriya gidauniyar Coderina ce ke gudanar da ita. A 2017, a gasar FIRST Global ta farko a birnin Washington na Amurka, 'yan mata shida daga Herat ta Afghanistan sun halarta da lulluɓinsu, bayan an hana su biza har sau biyu, suka koma gida da lambar yabo. A 2020 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar ƙasa ta wannan fanni a Abuja ƙarƙashin hukumar NITDA. Sai dai irin waɗannan damammaki sun fi yawo a manyan birane da makarantun masu hali, kuma nan ne damuwarmu take.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron ƙauye da ya haddace izu sittin, ya iya lissafin gado, amma bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an kayar da shi tun kafin a buga ƙararrawa. Alhali ƙwaƙwalwar da ta riƙe Alƙur'ani harafi da wasali ita ce irin wadda tsara manhaja ke buƙata, domin a can ma aya ɗaya da aka ajiye ba a muhallinta ba takan tsayar da aiki duka. Yaran da ke ƙera mota da karan dawa da gwangwani da tsohon silifa a lungunan garuruwanmu sun riga sun nuna hannu. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma amfanin bai tsaya ga kofi ba. Ikara da Kudan ƙasar tumatir ce da noman rani. Maƙarfi ta yi suna da rake da mazarƙwaila. Allon lantarkin da ke juya tayar keken gasa shi ne zai iya karanta danshin ƙasa a fadama, ya kunna injin ban-ruwa idan ta bushe, ya kashe shi idan ta ƙoshi, a rage ɓarnar mai da ruwa. Manomanmu ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Na'ura ba za ta kashe tsutsa ba, amma matashin da ya saba da aunawa da rubuta sakamako da sake gwaji shi ne zai iya zama kunnen manomi a wajen masu bincike na Samaru.

Za a ce ina kuɗi, ina wuta? Gaskiya ne kayan LEGO suna da tsada. Amma akwai allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 domin ɗalibai, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta, kuma ana samun sa a kasuwannin kayan lantarki na manyan biranenmu. Manhajar Scratch kyauta ce, tana aiki ko babu intanet. Kwamfutar hannu ɗaya da farantin sola ɗaya sun ishi yara goma su fara. Abin da ya fi kayan aiki wuya shi ne malami, ga kuma Zariya a maƙwabtaka, da Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli cike da ɗaliban injiniyanci, cikinsu har da 'ya'yan wannan yanki.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin uku su haɗa kai su shirya gasa ta shekara-shekara a tsakanin makarantunsu, a riƙa zagayawa da ita, a kuma ɗauko ayyukanta daga gona da kasuwa da asibiti. Muna kira ga masu hannu da shuni su tuna cewa kayan koyon sana'a da aka ba makaranta sadaka ce mai gudana. Muna roƙon limamai da malaman Islamiyya su je su ga na'urar da idonsu kafin su yi magana a kanta, sannan su yi wa jama'a bayani daga mumbari. Masu shirya gasa kuma su kiyaye amana: a tsaya lokacin salla, a ba 'yan mata ƙungiyoyinsu da malamai mata masu rakiya, kada a hana yarinya shiga saboda hijabinta, kada kuma malami ya haɗa wa yara na'ura su je su ce aikinsu ne, domin wannan ha'inci ne ko da an ci kofi.

Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo da wannan buƙata, ku tambaye shi ya nuna muku abin da zai ƙera da kuma wanda zai koya masa. In kun gamsu, ku sa masa albarka. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya sa su zama masu gina garuruwansu da tsoronSa.