Sharhi: Dalilin da ya sa sunan Terry Fox da na Sandra Schmirler ke tara kuɗi har bayan mutuwarsu

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, dubban makarantu a ƙasar Kanada kan fitar da ɗalibansu su yi gudu da sunan wani matashi da ya mutu tun 1981. A lokacin sanyi kuma, yayin gasar mata ta ƙasa ta wasan karlin, ana buɗe layukan waya a talabijin domin tara kuɗi da sunan wata ƴar wasa da ta mutu a 2000. Ciwon daji ne ajalinsu su biyun. Yawancin ƴan wasa ana mantawa da su kafin lambobin yabonsu su yi tsatsa, amma waɗannan biyu har yau jama'a na sa hannu a aljihu saboda su. Akwai dalili.

Terry Fox yana da shekara 18 aka gano yana da ciwon daji na ƙashi, aka yanke masa ƙafar dama daga saman gwiwa a 1977. Abin da ya gani a ɗakin masu jinya, musamman wahalar ƙananan yara, ya sa ya ƙudiri aniyar ratsa Kanada da gudu don tara kuɗin binciken magani. Ranar 12 ga Afrilu 1980 ya tsoma ƙafarsa ta roba a tekun Atlantika a garin St. John's, ya kama hanya, abokinsa Doug Alward na biye da shi a mota. Kusan kilomita 42 yake yi kowace rana. Da farko ba a kula shi sosai ba, a wasu wuraren ma direbobi kan matse shi zuwa gefen titi. Sai da ya shiga lardin Ontario jama'a suka fara yin dafifi suna tarbarsa. Ranar 1 ga Satumba, bayan kwana 143 da kilomita 5,373, ya tsaya kusa da garin Thunder Bay saboda ciwon ya kai huhu. Ya mutu ranar 28 ga Yuni 1981 yana da shekara 22.

Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba: dalar Kanada ɗaya daga kowane ɗan ƙasa, a lokacin da suke mutum miliyan 24. An cika wannan adadi a watan Fabrairu 1981, yana raye. A watan Satumbar shekarar aka yi gudun farko da sunansa, mutum fiye da dubu 300 suka fito. Abin da aka tara daga lokacin zuwa yau ya haura dalar Kanada miliyan 850.

Labarin Sandra Schmirler ya fito ne daga wani fage dabam. Karlin wasa ne da ya samo asali daga Sikotland tun ƙarni na 16. Ƴan wasa huɗu ne a kowane ɓangare, suna tura wani mulmulallen dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan daskararriyar ƙanƙara zuwa wani da'ira da aka zana, biyu daga cikinsu na goge gabansa da tsintsiya don ya ƙara nisa. Wanda dutsensa ya fi kusa da tsakiya shi ke da maki. Schmirler, ƴar ƙaramin garin Biggar na lardin Saskatchewan, ta jagoranci abokan wasanta Jan Betker da Joan McCusker da Marcia Gudereit suka ci kofin duniya a 1993 da 1994 da 1997. A gasar Olamfik ta Nagano a Japan, a 1998, su ne matan farko da suka ɗauki lambar zinare a wannan wasa. Ta mutu ranar 2 ga Maris 2000 tana da shekara 36, ta bar ƴaƴa mata biyu, ƙaramar ko shekara ba ta cika ba. A 2001 aka kafa gidauniya da sunanta, wadda ke saya wa asibitoci kayan ceton jarirai bakwaini da waɗanda aka haifa cikin mawuyacin hali.

Tausayi ya taka rawa a labaran biyu, wannan babu musu. Sai dai tausayi ba ya daɗewa. Mako ɗaya ko biyu wani labarin ya danne shi. Abin da ya riƙe waɗannan ayyuka shekara da shekaru tsari ne.

Na farko, kowanne buri ɗaya ya sa a gaba. Kuɗin Fox na binciken ciwon daji ne, na Schmirler na jarirai ne, kuma mai bayarwa ya san inda kuɗinsa za su. Na biyu, ƙofa a buɗe take ga kowa. A gudun Terry Fox babu kuɗin shiga, babu na ɗaya balle na ƙarshe. Mai gudu da mai tafiya da mai keken guragu duk ɗaya suke. Na uku, shi kansa Fox ya ƙi yarda kamfanoni su yi talla da shi, kuma masu shirya gudun sun riƙe wannan ƙa'ida. Na huɗu, doka ta wajabta wa duk ƙungiyar agaji mai rajista a Kanada ta miƙa wa hukumar haraji bayanin kuɗinta kowace shekara, kuma kowa na iya dubawa a intanet.

Wani zai ce Kanada ƙasa ce mai arziki, kuma gaskiya ne. Gwamnati ke ɗaukar nauyin jinyar asibiti a can, shi ya sa kuɗin gudu ke tafiya ga bincike da kayan aiki maimakon biyan kuɗin magani. Gudun taimako bai taɓa sauke wa wata gwamnati nauyin da ke kanta ba.

Duk da haka darasin ya shafi ƴan Nijar, na gida da na waje. Ba a kwana biyu ba a ga hoton wani majinyaci yana yawo a WhatsApp ko Facebook ba, da lambar waya a ƙasa. Mutane na bayarwa, ƴan ci-rani ma fiye da kowa. Amma sau nawa ake dawowa a ce ga abin da aka samu, ga inda aka kashe? Duk lokacin da aka yi shiru, mai bukata na gaba shi ke biyan kuɗin rashin yarda. A gefe guda, mai ciwon daji daga Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ke bukatar gashi sai ya je cibiyar yaƙi da cutar da ke Yamai, ga kuɗin mota, ga masauki, ga cin mai jinya.

A lissafin Fox, sefa 100 daga mutum miliyan 25 sun kai biliyan 2 da rabi. Da yayyafi kogi kan cika. Ƙasar da filayen kokowarta ke cika maƙil lokacin gasar takobi ba ta rasa zakarun da jama'a za su bi a baya ba, kuma ba ta rasa matasan da za su iya gudun kilomita biyar da sassafe ba. Duk ƙungiyar matasa ko ta ƴan ƙasa mazauna waje da ke son shirya irin wannan gudu, kafin ta buga riga ko ta gayyaci manyan baƙi, ya kamata ta fara amsa tambayoyi uku: wane aiki ɗaya za a yi da kuɗin, wa zai riƙe su, kuma wace rana za a karanta wa jama'a lissafi. Idan aka amsa su, aka kuma cika alkawari, waɗanda suka fito bana za su dawo baɗi.