Wai talaka abinci yake nema, ba intanet ba? Haba jama'a!

Akwai maganar da ke ci min tuwo a ƙwarya. Da an ce a gyara netwok a ƙauyukanmu, sai wani ya ce wai talaka abinci yake nema, ba intanet ba. Wallahi mai wannan magana bai taɓa yini a kasuwar albasa ta Aliero ba.

Manomi ya kwashe watanni yana ban ruwa, ga tsadar fetur, ga tsadar taki. Ranar sayarwa dillali ya riga ya ji farashin Mile 12 ta Legas tun da asuba, shi kuwa manomi abin da aka gaya masa kawai ya sani. Da yana da waya mai netwok, kira ɗaya ko saƙon WhatsApp ya ishe shi sanin ko ya sayar yau ko ya adana sai kaya sun yi daraja. Wannan rarar ita ce buhun gero da kuɗin makarantar yara.

Ko mun manta da canjin kuɗi na farkon 2023? A kasuwar Jega mai karɓar taransifa ya yi ciniki, wanda ba shi da asusu ya karyar da kayansa ko ya koma da su gida. Haka matar aure mai ƙuli-ƙuli a Maiyama: idan wayar tata ce, daga cikin gida za ta tallata kayanta, kuɗinta ya shigo hannunta.

Amma fa waya kaɗai ba ta wadatar. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data. Ga rashin wuta, kullum sai an biya mai caji. A wasu ƙauyukan sai ka hau tudu kafin ka samu sabis.

Shi ya sa nake kira ga ciyamomi da 'yan majalisunmu: rabon baro ana ɗaukar hoto ya isa haka. Ku matsa a kafa turakun sadarwa, ku sa sola a kasuwanni. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, me zai hana ɗalibanta su riƙa koya wa manoma da mata amfani da waya da Hausa, har da yadda za su kauce wa 'yan damfara?

Mu ma matasa mu ji tsoron Allah. Datar da muke ƙonawa a gulmar TikTok, da ita za mu duba wa iyayenmu farashi.

Allah Ya sa mu gane.