Kada Mu Sayi Kwamfuta Da Ido Rufe

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, kuma lokaci ya yi da za a faɗe ta. Ɗalibi zai taso daga Surko ko Gwaram, uba ya sayar da riɗi, uwa ta sayar da akuya, a haɗa masa kuɗin kwamfutar tafi-da-gidanka. Sai ya nufi Beirut Road a Kano, ya zaɓi mai ƙyalli, a ɗora masa Windows na sata, ya dawo yana taƙama. Wai shin ya tambayi abin da ke cikinta? Ina!

To, ga abin da ba a gaya masa ba. Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Shi kuwa Windows 11 sai injin da ke da wani ɗan guntu mai suna TPM 2.0, kuma ba ya maraba da ƙwaƙwalwar Intel da ta girmi zubi na 8. Da yawa daga cikin na hannu da aljihunmu ke iya kaiwa an bar su a baya ke nan, alhali lafiyarsu lau.

Maganin yana nan, kyauta: Linux. Wani ɗalibi kamarmu, Linus Torvalds, ya sanar da shi a Helsinki cikin Agusta 1991, watan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Kowa na da ikon ya kwafa, ya gyara, ya ba abokinsa, ba sata ba ce. Kuma mu masu rubutun Hausa, akwai tsarin allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa.

Amma ba kowace kwamfuta ce ke shiri da shi ba, nan ne gizo ke saƙa. Ɗan'uwa, ka zuba Ubuntu ko Linux Mint a filashi, ka tafi da shi kasuwa. Ka tada injin daga filashin a gaban mai kanti, ba tare da ka goge komai ba. Wi-Fi ya kama? Sauti ya fito? In ka rufe murfin ka buɗe, ta farka? Katin Wi-Fi na Broadcom ya sha ba mutane wahala, na Intel kuwa ba ya gardama. ThinkPad da Dell Latitude sun yi suna wajen zaman lafiya da Linux. Ka duba batirin da kyau, don ka san yadda wuta take a ƙauye. Mai kantin da ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama.

Saura malamanmu, Allah ya gafarta musu, masu cewa sai da Word za a kawo aiki. Haba malam! LibreOffice na ajiye takarda a tsarin Word ɗin nan, kuma R da PSPP na yin lissafin da ake nema a SPSS. Don me za a tilasta wa ɗan talaka sayen lasisi, ko kuwa sata, kafin a duba kundinsa?