Faifan Birazil a fadar samarin Cadawa

A Cadawa, kamar sauran garuruwan da ke bakin kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta bi ta Agye da Gazawa ta nufi Tasawa, ba kasafai saurayi ke tsintar waƙoƙin wayarsa ɗaya bayan ɗaya ba. Memori yake miƙa wa mai tura waƙa a kasuwa, ya biya 'yan dalolinsa, a cika masa shi maƙil. A ciki zai tarar da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, da wa'azi, da tsofaffin waƙoƙin Indiya, da wasu abubuwa da shi kansa mai turawar bai taɓa saurara ba. Idan waƙar da ba a san yarenta ba ta faɗo ana tsakiyar shan shayi a fada, hukuncinta ba ya ɗaukar minti guda: wani zai ce a wuce, a danna ta gaba.

Akwai wani faifai da bai kamata a yi masa wannan saurin hukuncin ba idan ya ratso, ko ta memori ko ta intanet. Sunansa Refavela, na mawaƙin Birazil Gilberto Gil, ya fito a 1977, kuma da harshen Fotugal aka rera shi.

Hujjar masu cewa a wuce tana da ƙarfi, kuma bai dace a raina ta ba. Waƙa a wurin Bahaushe magana ce. Wanda ya zauna sauraron Mamman Shata ko Narambaɗa ko Ɗan Anace, abin da yake jira shi ne kirari da zambo da habaicin da zai sa ya gyaɗa kai. Kiɗan yana raka maganar ne. To idan aka cire fahimtar maganar, me ya rage? Sai dai kuma halin Bahaushen da kansa ya riga ya amsa wannan tambaya tun tuni. Ba a yi shekaru aru-aru ba, amma tun zamanin silima ake rera waƙoƙin Indiya daga Kano har Maraɗi, ba tare da an san kalma goma ta yarensu ba. Har ta kai masu bandiri a Kano suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora yabon Manzon Allah a kai, kuma waƙoƙin finafinan Hausa na yau daga wannan tushen suka sha ruwa. Kunnen da ya iya wannan, ba zai ce baƙon harshe ne ya hana shi ba. Rashin sabo ne kawai, kuma ba wanda ya taɓa zama ya gabatar masa da abin.

Shi Gilberto Gil an haife shi a birnin Salvador na jihar Bahia a 1942. Gwamnatin soja ta ƙasarsa ta tsare shi a ƙarshen 1968, daga baya ya yi gudun hijira zuwa Landan, bai koma gida ba sai 1972. A farkon 1977 ya zo Legas cikin tawagar Birazil zuwa bikin FESTAC, bikin nan da dattawan Arewa ke tunawa da shi saboda gagarumin hawan daba da aka yi a Kaduna. Ya ga Fela Kuti, ya ji kiɗan juju, ya ga unguwannin Legas da suka tuna masa da unguwannin talakawan ƙasarsa. Da ya koma sai ya shiga ɗakin ɗaukar sauti, Refavela ya fito a shekarar. Ba samba zalla ba ce, wato kiɗan da aka san Birazil da shi. Samba ce da aka gauraya da kiɗan Bahia da abin da ya kwaso daga Afirka ta Yamma da na baƙaƙen Amurka. Ɗaya daga cikin waƙoƙin ma sunanta Balafon, sunan wani kayan kiɗa na Afirka ta Yamma. Gil daga baya ya zama ministan al'adu na Birazil, daga 2003 zuwa 2008, a gwamnatin Shugaba Lula.

Abin da ya sa mutumin jihar Maraɗi ya fi kowa dalilin tsayawa ya saurara yana cikin tarihin garin da Gil ya fito. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunanta suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsa a Maraɗi, shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin da Sarkin Katsina. Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri. Yaƙe-yaƙen da suka kawo waɗannan mutane nan, su ne suka jefa wasu dubbai hannun fataken bayi. Aka gangara da su kudu zuwa bakin teku, aka loda su a jirgi, da yawansu aka sauke su a Bahia. Birazil ta karɓi bayi daga Afirka fiye da miliyan 4, ta fi kowace ƙasa, kuma ba ta soke bauta ba sai 1888.

Hausawan da aka kai ba su zauna lafiya da iyayen gijinsu ba. A 1807, shekarar da Katsina ta faɗi, hukumomin Salvador suka bankaɗo wani shirin tawaye na bayi Hausawa tun kafin a fara. A 1814 wasu suka tashi a Itapuã, wata unguwar masunta da ke gefen birnin. Sai babban boren daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a ƙarshen watan azumi, wanda aka fi sani da boren Malê: Musulmi kusan 600, akasarinsu Yarbawa da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna da layu a wuya. An murƙushe su kafin gari ya waye sosai, amma takardun da aka ciro daga jikinsu, masu ɗauke da ayoyi da addu'o'i da rubutun Larabci, suna nan ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahia. Wani ƙaramin jakadan Faransa a birnin, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu bayi Hausawa ya rubuta labarin garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga a 1851. Har yanzu a Bahia ana dafa wata shinkafa da busasshen nama da ake danganta ta da Hausawa a cikin sunanta. Kuma a Itapuã ɗin nan aka kafa ƙungiyar makaɗa ta Malê Debalê a 1979, don tunawa da mutanen 1835.

Nan ne wurin da za a yi hattara, domin akwai masu ɗabi'ar da sun ji an ambaci Bahaushe a wata ƙasa sai su ce komai na can namu ne. Samba ba kiɗan Hausa ba ne. Jijiyarta ta fi ƙarfi a wajen mutanen Kwango da Angola, waɗanda su ne mafi yawan waɗanda aka kai Birazil, sannan Yarbawa suka zuba nasu. Ta girma ne a Rio de Janeiro, a gidajen matan da suka yi ƙaura daga Bahia irin su Tia Ciata, kuma waƙar da aka fi ambata a matsayin samba ta farko a faifai, Pelo Telefone, ta yi tashe ne a 1917. Hausawan Bahia sun bar layu da takardu da girki, ba su bar mana hujjar cewa su suka ƙirƙiro wannan kiɗa ba. Abin da tarihin ke ba mai sauraro shi ne sanin cewa birnin da wannan murya ta fito akwai ƙasusuwan danginsa a ƙarƙashin ƙasarsa. Wannan ya isa dalili.

Da zarar an ba samba kunne, akwai abubuwan da mutumin karkara zai gane kafin ɗan birni. Babbar gangar da suke kira surdo tana faɗuwa da nauyi a bugu na biyu, shi ya sa kiɗan ke yin kamar yana jan ƙafa sannan ya tura mutum gaba. Pandeiro ɗan'uwan bandiri ne, ana riƙe shi da hannu ɗaya, babban yatsa da tafin ɗaya hannun suna aiki. Mafi ban mamaki ita ce cuíca: ganga ce da aka ɗaure siririn kara a tsakiyar fatarta ta ciki, makaɗi ya zura hannu yana murza karan da jiƙaƙƙen tsumma, ɗaya hannun yana danna fatar ta waje, sai ta riƙa yin wata murya mai hawa da sauka. Wanda ya taɓa ganin mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata don ya sa ganga ta yi magana, ya san dabarar ko da kayan sun bambanta. Ga kuma amshi: jagora ya faɗa, jama'a su karɓa. A ƙauyukan da ke kewaye da Salvador mata kan yi da'ira suna tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta taka ta fito, wata ta shiga. Hukumar UNESCO ta sanya wannan salo cikin kayan gadon duniya a 2005. Duk yarinyar da ta yi gaɗa a dandalin Cadawa ko Gidan Rumji ba sai an yi mata tafinta ba.

Saura magana ɗaya da iyaye da malamai za su tayar, kuma suna da gaskiyarsu. Hoton da aka fi sani na samba shi ne bikin kanibal na Rio da shigar da ba ta dace da tarbiyyar ƙasar nan ba. Sannan a cikin Refavela akwai waƙar Babá Alapalá, wadda ta shafi addinin gargajiya da Yarbawa suka tafi da shi. Mai sauraro Musulmi yana da haƙƙin ya san wannan, ya bar abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Amma wannan hujja ce ta neman bayani, kuma bayanin ne ba a samu. Da yawa daga waƙoƙin samba labarin talauci ne da aiki da unguwa da rabuwa. Cartola, ɗaya daga manyan masu tsara ta, ya yi leburanci da wankin mota, bai fitar da faifansa na farko ba sai 1974 yana da shekara 65. Ƙungiyar Mangueira da ya taimaka aka kafa a 1928 ita ce ta ci gasar kanibal ta 2019, da waƙar da ta ambaci Musulmin boren 1835 cikin jaruman da littattafan makaranta suka manta.

Gidajen rediyon Maraɗi da rediyon karkara na yankin suna da filayen zaɓen waƙa da gaishe-gaishe na sa'o'i. Rabin sa'a a mako ya isa: a sa waƙa biyu ko uku, mai gabatarwa ya faɗi wanda ya yi ta da shekarar da abin da take cewa a taƙaice, a gayyato makaɗin kalangu ko mai gurmi ya saurara ya faɗi abin da kunnensa ya ji. Fassarar waƙoƙin Gil da Faransanci tana samuwa a intanet, kuma malamin tarihi na kowace sakandare a yankin zai iya ba da labarin 1807 da 1835 cikin minti goma.